MATA BIYU DA BABUR ƊAYA: DAGA LANDAN ZUWA CAPE TOWN TA HANYAR AGADAS DA KANO

A farkon shekarar 1935 wani babur ya shiga birnin Agadas ba da ƙarfin injinsa ba. Injin ya riga ya buga tun can cikin daji, har sai da masu shi, waɗansu Turawan Ingila mata su biyu, suka yi ta tura shi tafiyar kimanin mil 25. Ba kuwa babur ne tsurarsa ba, domin a gefensa akwai keken nan mai ƙafa ɗaya da ake maƙala wa babur don ɗaukar mutum ko kaya. Duk wanda mai ya taɓa ƙare masa ya tura babur daga kasuwa zuwa gida, a kan kwalta, ya san nauyin mil ɗaya, balle a ce 25 a cikin rairayi.

Sunan ɗayarsu Theresa Wallach, shekarunta 25 a lokacin, ɗayar kuwa Florence Blenkiron, mai shekara 30. Daga Landan suka fito, Cape Town suka nufa, can ƙarshen Afirka ta Kudu. Sun kuwa isa, ran 29 ga watan Yuli na wannan shekara, bayan tafiyar mil 13,500, watau kimanin kilomita 21,700. A Ingila da Amurka har yau masu sha'awar babur suna ba da labarinsu. Amma tsakanin Agadas da Damagaram da Kano, inda tafiyar ta kusa watsewa, inda kuma ta sake samun rai, ba kasafai ake jin sunansu ba.

SU WANE NE?

Matan nan ba 'yan koyo ba ne. A wani filin tseren motoci da babura mai suna Brooklands, kudu maso yamma da Landan, suka san juna. A wannan fili akwai wata lambar girma, Tauraron Zinariya, wadda ake bai wa duk mahayin da ya kewaye filin sau ɗaya da gudun da ya wuce mil 100 a awa guda. Florence ce mace ta farko da ta sami wannan lamba, a watan Afrilu na 1934. Theresa ta sami tata a 1939. Har aka rufe filin, sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, mata uku ne kaɗai suka taɓa samunta, ta ukun ita ce Beatrice Shilling.

Theresa ta koyi hawan babur ba da son iyayenta ba, sa'an nan ta shiga karatun injiniya a Landan a zamanin da ɗaiɗaikun mata ne ke shigarsa. Gudun mil 100 bai tsinana musu kome ba a hamada, inda wani yinin da ƙyar a ci 'yan mil kaɗan. Sanin cikin inji shi ne ya fisshe su, kamar yadda mai karatu zai gani a gaba.

Babur ɗin da suka samu Panther ne, ƙirar kamfanin Phelon & Moore da ke garin Cleckheaton a lardin Yorkshire. Silinda ɗaya gare shi, mai girman cc 600. Irin wannan inji ba a san shi da gudu ba, an san shi da ja: yana bugawa a hankali, da nauyi, kamar sakan da ba a gaggawa, shi ya sa Turawan Ingila suka fi son sa wajen jan keken gefe. Kamfanin Watsonian ne ya ƙera musu keken gefen, aka kuma ɗaura 'yar tirela a baya domin tanti da abinci da ruwa da mai da kayan gyara. Suka laƙaba wa wannan haɗi suna Venture, kalmar da ke nufin shiga abu da kasada.

Ran 11 ga watan Disamba, 1934, suka tashi daga unguwar Aldwych a tsakiyar Landan. Cikin jama'ar da suka zo sallama har da Lady Astor, mace ta farko da ta zauna a Majalisar Wakilan Ingila. Suka ƙetare zuwa Faransa, suka ratsa ta har Marseille, daga nan jirgin ruwa ya kai su Aljas, babban birnin Aljeriya, wadda a lokacin take hannun Faransawa.

IZNIN SHIGA HAMADA

Zaɓen watan Disamba ba gangan ba ne. A wancan zamani hukumar Faransa takan buɗe hanyoyin Sahara ne a watannin sanyi, in zafi ya tsananta ta rufe su. Ko a cikin sanyin ma ba kowa ake bari ya shiga ba. Matafiyi sai ya nuna yawan ruwansa da mansa da abincinsa, ya yi yarjejeniyar biyan kuɗin ceto, a rubuta sunansa da ranar tashinsa. Sa'an nan a buga wayar iska zuwa zango na gaba cewa ga wane nan tafe. In kwanakin da aka ɗibar masa suka cika bai ɓullo ba, sai a fita nemansa.

Faransawa suna da dalilin wannan tsanani. A watan Afrilu na 1933, ƙasa da shekara biyu kafin zuwan matan nan, wani matuƙin jirgin sama Baturen Ingila, Kyaftin Bill Lancaster, ya tashi shi kaɗai da nufin karya tarihin saurin zuwa Cape Town daga Ingila. Jirginsa ya faɗi kudu da Reggane, a hamadar Tanezrouft da ke yamma da hanyar da matan suka bi. Ya rayu kwana takwas a gindin jirgin yana rubuta abin da ke faruwa da shi, ƙishirwa ta kashe shi. Ba a ga gawarsa ba sai a 1962. To, hafsan da ya san wannan labari, in ya ga mata biyu a kan babur mai silinda ɗaya sun ce za su ƙetare, ba abin mamaki ba ne in ya girgiza kai. Sai da Theresa da Florence suka yi ta ja-in-ja da hafsoshin sojan Faransa kafin a ƙyale su su ci gaba.

Hanyar da suka bi ita ce wadda ake kira hanyar Hoggar. Daga Aljas ta hau duwatsun Atlas, ta gangara Ghardaïa da El Goléa, ta ratsa tudun Tademaït, wani fili shimfiɗaɗɗe na baƙin tsakuwa wanda ba itace ba inuwa, ta faɗa In Salah. Daga nan ta bi ta kwazazzabon Arak ta hau zuwa Tamanrasset, kimanin kilomita 2,000 daga bakin teku, a gindin duwatsun Hoggar waɗanda mafi tsawonsu ya kusa mita 3,000. A can da hunturu rana takan yi zafi, amma da dare sanyi yakan kai ruwa ya daskare. Daga Tamanrasset zuwa rijiyar In Guezzam, kusa da iyakar Nijar ta yau, tafiyar kilomita 400 ce ba gari. Garin Arlit kuwa, wanda direbobi suka sani yanzu, babu shi a lokacin. Sai a 1969 aka kafa shi saboda ma'adinin yuraniyum.

ABIN DA RAIRAYI KE YI WA INJI

Ya kamata a ɗan tsaya a nan, domin wanda bai fahimci abin da rairayi ke yi wa babur ba, ba zai gane abin da ya faru kafin Agadas ba.

A cikin dukan ƙafafun wannan haɗi, ƙafa ɗaya tak ce inji ke juyawa, watau ta bayan babur. Ta gaba, da ta keken gefe, da na tirela, duk tura su ake yi ko jan su. A kan ƙasa mai tauri wannan ba kome ba ne. A cikin rairayi mai laushi kuwa kowace ƙafa sai ta nutse ta haƙa tata hanyar, ita kuma ƙafar bayan, in ta kasa ja, sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana tona wa kanta rami. Maganin wannan sananne ne ga duk wanda ya taɓa kafewa: a sauke kaya, a tone rairayin gaban ƙafafu, a shimfiɗa abin da aka samu, ɗaya ya hau ɗaya ya tura, in an fita a koma a kwaso kayan a ka. Ana iya yin haka sau da yawa a yini guda.

Ga kuma lissafin nauyi, wanda ba shi da sassauci. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, litar fetur kuwa kamar kashi uku cikin huɗu na kilo. In an ƙara ruwa don tsoron ƙishirwa, nauyi ya ƙaru, kafewa ta ƙaru, inji ya ƙara shan mai. In an rage, kwana biyu na ɓacin inji sun isa su zama ajali. Raƙumi ya fi babur a nan, domin shi yana ɗauke da guzurinsa a jikinsa, yana kuma kiwo a hanya.

Sai babbar illa, wadda ba a gani da ido. Injin Panther ba shi da tankin ruwa kamar na mota. Iskar da ke kaɗa shi sa'ad da yake gudu ita ke sanyaya shi. A cikin rairayi kuwa giya ta ɗaya ake sawa, inji yana ta ruri, babur yana rarrafe, iska ba ta samuwa. Zafi ya sa baƙin mai ya tsinke ya zama kamar ruwa. Ƙura kuma ta bi ta kafireto ta shiga ciki, ta gauraya da man, ta koma kamar garin dutsen wasa wuƙa, tana cin ƙarfe a hankali. A irin wannan inji abin da ya fi saurin gajiya shi ne boris ɗin da ke tsakanin kwanrod da karanshaf, domin a kansa kowane bugu na fistin yake sauka. Inji yakan daure wa wannan azaba kwana da kwanaki, sa'an nan wata rana ya yi ƙara ya tsaya. Na matan nan ya daure har ya kusa fitar da su daga hamada, ya tsaya saura ƙiris.

Da ya buga a tsakanin Tamanrasset da In Guezzam, da labarin ya zama wani dabam.

ZAMAN AGADAS

Garin da suka turo babur ɗinsu cikinsa ba ƙauye ba ne. Agadas fadar Sarkin Azbin ce tun ƙarni na 15, hasumiyar babban masallacinta kuwa, mai tsawon mita 27, ginin ƙasa, ita matafiya ke fara hangowa daga nesa. An gina masallacin a wajejen 1515, aka sabunta hasumiyar a 1844. Sai dai a 1935 garin bai gama farfaɗowa daga yaƙin Kawusan ba, wanda ya tsare sojan Faransa a barikinsu daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, da kuma ramuwar gayyar da Faransawa suka yi a kan malamai da mutanen gari bayan sun karɓe shi. Shekara 18 ke nan kacal, waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da ransu.

Akwai maƙera a Agadas, gwanaye kuwa, masu ƙera takobi da sirdin raƙumi da kayan azurfa. Amma kayan cikin injin Panther sai Cleckheaton. Aka aika saƙo Ingila, aka zauna jira. Jirgin saman wasiƙu bai fara zuwa Kano a kai a kai ba sai a 1936. Saboda haka ko ta wace hanya kaya zai biyo, ta Aljas a motar hamada, ko ta jirgin ruwa zuwa Ikko, sa'an nan jirgin ƙasa mil 700 zuwa Kano, sa'an nan mota zuwa arewa, aikin makonni ne. Makonnin kuwa suka yi.

Da kayan suka iso, matan nan biyu suka kwance injin suka sake ɗaura shi da hannunsu. Makanike zai gane girman wannan aiki. A Panther injin da kansa shi ne ginshiƙin gaba na gangar jikin babur, domin a maimakon ƙarfen da ke saukowa daga wuya, silindar ce aka kishingiɗar ta tsaya a wurin. Watau in an cire inji, babur ya rabu ke nan. Sa'an nan a buɗe cikinsa, a wanke kowane ƙarfe, a mayar da kome daidai ma'auninsa, a garin da iskar hunturu ke ɗauke da ƙurar da ita ce ta jawo ɓarnar tun farko. Kuskure kaɗan ya isa ya sa injin ya sake bugawa kafin Damagaram. Wannan injin da aka ɗaura a Agadas shi ne ya kai su Cape Town.

A jaridun Turai, da kuma rubuce-rubucen da aka yi daga baya, abin da aka fi kururutawa shi ne wai sun ratsa Sahara ba hanya, ba mataimaki, ko kamfas babu. Jaruntakarsu ba abin musu ba ce, amma wannan magana rabinta ne gaskiya. Kwalta ce babu. Hanya kam akwai ta. Tun a 1933 wani kamfanin sufuri na Faransawa, wanda ake taƙaita sunansa SATT, yake da motocin safa masu tashi daga Aljas su bi Tamanrasset da Agadas da Damagaram har Kano, yana da wuraren kwana da na ajiye mai a zango-zango. An kuma jera alamu, tarin duwatsu da makamantansu, domin direbobi. Kafin wannan ma, motocin Citroën masu sarƙa a ƙafafun baya sun ƙetare daga Touggourt zuwa Tambutu tsakanin Disamba 1922 da Janairu 1923.

Su kansu Faransawan ba su ne suka gano rijiyoyin ba. Shekaru ɗaruruwa ayarin fatake ke tashi daga Kano da turkuɗi da fatu da sauran haja, su bi Damagaram da Azbin, babbar hanya ta nufi Gat da Gadamas da Tarabulus, wani reshe kuma ya nufi Tawat, ƙasar da In Salah take. Unguwar Dandalin Turawa da ke cikin birnin Kano ta sami sunanta ne daga Larabawan da wannan hanya ta kawo, tun kafin kalmar Bature ta koma kan mutanen Turai. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Agadas a watan Oktoba na 1850, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, a kan sawun waɗannan fatake. Madugai da jagororin Azbinawa, waɗanda ba a rubuta sunayensu a jarida ba, sun yi wannan tafiya da taurari da sanin launin ƙasa, suna kai da kawowa har tsufa. Abin da ya karya cinikinsu shi ne isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da kuma mamayar da Italiya ta yi wa Tarabulus a wannan shekara. Ashe ke nan matan nan sun bi tsohuwar hanya ce a daidai lokacin da raƙumi ke sauka daga kanta, mota tana hawa. Sabon abin da suka kawo shi ne babur, da kuma kasancewarsu mata biyu ba namiji tare da su.

KANO SAU BIYU

Daga Agadas zuwa Damagaram kimanin kilomita 450 ne, daga Damagaram zuwa Kano kuma kamar 240. A nan rairayi ya fara ja da baya, ƙaya da gonakin gero suka bayyana, suka fita daga mulkin Faransa suka shiga na Ingila. Kano da suka tarar tana ƙarƙashin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1926. Abin sha'awa, a shekarar da su suka baro Landan, watau 1934, shi kuma Sarkin ya ziyarci Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Gwandu. Ga matafiyin da ya fito daga hamada, Kano ita ce wuri na farko mai tashar jirgin ƙasa, da gidan waya, da kantunan da za a sami taya da mai ba tare da roƙo ba.

Duk da haka ko rabin tafiyar ba su yi ba. Daga Kano suka yi gabas, suka ratsa ƙasar Chadi da Ubangi-Shari, wadda ita ce Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a yau, suka shiga dazuzzukan Kwango. Makonnin da suka ɓata a Agadas sun sa ruwan sama ya riske su, sai taɓo ya maye gurbin rairayi, ga koguna da sai an yi fito. Suka wuce Uganda da Kenya. A Tanganyika, bayan sun yi kwanaki ba su ga mota ko ɗaya a hanya ba, wadda suka fara gani da ita suka yi karo. Suka gyara suka ci gaba, ta Rodeshiya, har Afirka ta Kudu. Wata bakwai da rabi bayan tashinsu daga Aldwych suka shiga Cape Town.

A nan suka rabu. Theresa ta koma Ingila a jirgin ruwa. Florence kuwa ta ƙudura sai ta koma ta ƙasa, ta sami sabon Panther da keken gefe, ta tashi ita kaɗai a watan Satumba na 1935. Ta haura Afirka daga kudu har ta sake isowa Kano, a nan hukuma ta tsaya kai da fata cewa mutum ɗaya ba zai shiga Sahara a kan babur ba. Wannan karon ja-in-ja bai yi amfani ba. In aka duba abin da ya faru kafin Agadas, da wuya a ce hukumar ta yi zalunci, domin babur da keken gefe in ya kafe ko ya mutu, hannu biyu ba su isa su fisshe shi ba. Da taimakon motar safa ta hamada aka ƙetarar da ita da babur ɗinta zuwa arewa, daga can ta ci gaba, ta isa Landan a watan Afrilu na 1936.

Da yaƙi ya zo, dukansu biyu suka shiga aikin soja ta fannin tuƙi da gyaran motoci. Theresa ta zama mai kai saƙonnin soja a kan babur. Bayan yaƙi, a 1947, ta tafi Amurka, ta shafe shekara biyu da rabi tana zagaya Amurka da Kanada da Meksiko a kan babur, tafiyar mil 32,000, tana tsayawa ta yi aikin ƙwadago in guzuri ya ƙare. Daga bisani ta buɗe shagon sayar da babura da gyaransu a Chicago, ta wallafa littafin koyon hawan babur a 1970, ta kuma buɗe makarantar koyar da shi a Phoenix ta Jihar Arizona a 1973. Florence ta rasu a 1991. Theresa ta rasu ran 30 ga Afrilu, 1999, ranar da ta cika shekara 90 daidai. Littafin da ta rubuta a kan tafiyar Afirka, The Rugged Road, bai fito ba sai a 2001, bayan ba ta da rai.

HANYAR BAYANSU

A farkon shekarun 1970 Aljeriya ta soma shimfiɗa kwalta a kan wannan hanya, da samari masu aikin bautar ƙasa, ta kai Tamanrasset a 1978. Nijar kuma ta gina tata daga Tawa zuwa Agadas da Arlit domin jigilar yuraniyum. Babbar hanyar da ta haɗa Aljas da Ikko tsawonta kimanin kilomita 4,500 ne, mafi yawanta kuwa ta sha kwalta. Daga 1979 tseren motoci da babura na Paris zuwa Dakar ya riƙa biyowa ta Agadas, baƙi suka yi ta kwarara, har masu yawon buɗe ido suka zama hanyar abincin mutane da yawa a garin.

Mai karatu zai zaci tafiyar da ta ci wa matan nan watanni yanzu ta zama wasan yara. Ta fuskar inji haka ne. Amma tsaro ya taɓarɓare, an soke tseren Dakar na 2008 saboda barazanar 'yan bindiga a Muritaniya, aka mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020. A shekarar 2022 wani ɗan Nijeriya, Kunle Adeyanju, ya hau babur daga Landan zuwa Ikko cikin kwana 41 domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna. Bai bi ta Tamanrasset da Agadas ba, ko da yake ita ce miƙaƙƙiyar hanya. Ta Maroko da Muritaniya da Senegal da Mali ya kewayo.

Ba kowa ne kuwa yake da zaɓin hanya ba. A shekarar 2013 waɗansu talakawa, akasarinsu daga yankin Kance na Jihar Damagaram, suka tashi daga Arlit a cikin motoci biyu suka nufi Tamanrasset neman abinci. Direbobin suka kauce wa sananniyar hanya domin gudun jami'an tsaro. Mota ɗaya ta lalace, ɗayar ta juya neman kayan gyara, ita ma ta lalace. Irin ƙaddarar da ta sami injin Panther ce, a yankin hamada guda, bayan shekara 78. Sai dai su waɗannan ba a rubuta sunansu a wani littafi ba a ranar tashinsu, ba a buga waya zango na gaba ba, babu kuma wanda ke ƙidaya kwanakinsu domin ya fita nema. A ƙarshen watan Oktoba aka tsinci gawawwaki 92 warwatse a cikin rairayi, ba nisa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Aka yi musu sutura a inda aka same su, Gwamnatin Nijar kuma ta ba da sanarwar zaman makoki na kwana uku.